Daga Falgore Zuwa Tiga: A Zauna Tun Kafin Shuka

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan dagaci a ƙasar Bebeji ko Tudun Wada tsakanin ƙarshen Oktoba da Nuwamba ya san wannan zama. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya. Manomi na gefe guda, ya ajiye zangarniyar dawa uku ko huɗu a gabansa, duk an tattake su, wasu an cinye rabi. A ɗaya gefen ga dattijon ruga da sandarsa kwance a cinya, yaron da ya kora shanun jiya na tsugune a bayansa, kai a sunkuye. Dagaci ba ya yanke komai nan take. Sai ya tashi mutum uku, ɗaya daga cikinsu wakilin arɗo, ya ce su je su gano da idonsu.

Masu ganin ɓarna sun san aikinsu. Suna bin sawun shanu tun daga inda suka shiga, su duba kashin ko ɗanye ne ko ya kwana biyu, su ƙirga kunyoyin da aka taɓa, su ƙiyasta dami nawa wurin zai bayar da an bar shi ya kai girbi. Idan sun dawo sun faɗa, sai a shiga ciniki. Mai gona ya ce dami goma, mai shanu ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba mana, biyar ma da ƙyar," liman ya sa baki, a tsaya a bakwai. A biya, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa.

Wannan sulhu ne na gaskiya, kuma Allah kaɗai ya san yawan jinin da ya hana zuba. Amma akwai tambayar da ba a cika yi a kan tabarmar ba: me ya kai shanun cikin gonar? Sau da yawa amsar tana can bayan gari, inda burtalin da a da garke biyu ke wuce juna a cikinsa ya koma 'yar siririyar hanya, saboda kowace damina mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, na hagu ma ya ƙara tasa. Ko kuwa mashayar da shanu suka saba sauka an kewaye ta da lambun tumatir. Tunda ba a taɓa tushen ba, baɗi war haka mutanen nan za su sake haɗuwa a inuwa ɗaya, kuma ba kullum ake dacewa a kai ga tabarma kafin a kai ga adda ba.

Abin da ƙasar Ƙofa ta Bebeji da maƙwabtanta suka rasa shi ne zaman da ake yi tun ƙasa na bushe, kafin a zuba iri, inda duk mai cin abinci daga gona, ruwa da daji zai faɗi buƙatarsa, a tsayar da ƙa'ida tare, a rubuta, a kuma san wanda zai tsare ta. Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa sun fi ko'ina a Jihar Kano buƙatar irin wannan zaure.

Dalili na farko yana kan taswira. Kogin Kano na tasowa daga tuddan kudu, wajen gindin tsaunukan Jos, ya ratsa dajin Falgore, ya gangaro ya taru a madatsar Tiga. Doguwa, mai hedikwata a Riruwai, ita ke riƙe da kan ruwan. Tudun Wada na tsakiya da fadamunta na shinkafa da gonakin masara. Bebeji, inda Ƙofa take, ita ke da bakin madatsar Tiga da tafkin Bagauda. Kiru kuwa tana da dajin Ɗansoshiya da Kwanar Ɗangora. Yankin ya fi sauran jihar ruwan sama da ciyawa, shi ya sa garken da ke gangarowa kudu da rani, da wanda ke haurawa arewa da damina, suke bi ta nan. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin huɗu sun haura 800,000. Yau sun ƙaru ƙwarai, ƙasar kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Kuma abin da aka yi a sama a ƙasa yake sauka: idan aka sare ƙirya da marke a Falgore aka mai da su gawayi, ruwan Agusta zai tarar da ƙasa tsirara, ya kwashe ta ya kai Tiga, laka ta ci wurin ruwa. Mai lambu a Kadawa da mai buɗe famfo a birnin Kano duk abin ya shafe su, ko da ba su taɓa taka Falgore ba.

Dalili na biyu tarihi ne. Manyan shawarwarin da suka sauya kamannin wannan ƙasa daga sama aka yanko su. An gina Tiga tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 da aka tsara ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Babu mai musun alherinsa, domin shi ya raya noman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, shi ya sa tumatir da shinkafar Kano suka yi suna. Amma dubban mutane aka tasa daga garuruwansu da fadamunsu, ruwan da ya cinye gonakinsu kuma ya bi magudana ya tafi shayar da gonakin wasu. Zamanin soja ne, kuma irin wannan aiki a lokacin sanar da talaka kawai ake yi. Ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988, wadda ta ci rayuka da gidaje, ta ƙara nuna cewa masu kwana a ƙarƙashin madatsa su abin ke fara faɗa wa, saboda haka da su ya kamata a fara zama.

Falgore ma haka ne. Turawa suka fara killace shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,000 a ƙasashen Tudun Wada, Doguwa da Sumaila. A takarda ba a kiwo, ba a sara, ba a farauta a ciki. A zahiri ƙauyukan gefensa nan suke samun itace, zuma, ganye da ciyawa, domin ba a ba su madadi ba, ba a kuma sa su cikin tsaronsa ba. Dajin da maƙwabtansa ba sa jin nasu ne, kowa sai ya ɗebi nasa da sauri kafin wani ya riga shi. Da tafiya ta yi tafiya ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya, har sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye a 2017.

A 2018 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya gayyaci makiyaya daga sassan ƙasar nan su dawo Kano, a 2020 kuma aka buɗe rugar zamani a Ɗansoshiya. Shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, wanda Bankin Musulunci ya tallafa, ya sa shata burtalai da gyaran filayen kiwo cikin ayyukansa. Niyya ce mai kyau. Sai dai turken siminti ba ya tsare kansa. Idan manomin da ke gefensa ba ya wurin ranar da aka auna, bai kuma yarda ba, damina biyu ta isa a tarar da turken kwance cikin masara.

Ga kuma yawan iyayen gida. Tiga na hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976. Falgore ya daɗe a hannun gwamnatin jiha. Filayen karkara, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ke ba da izininsu. Kuza da sauran ma'adinan Riruwai kuwa sai Abuja. Dagaci da hakimi su ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare, amma mabuɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya hannunsu, ga shi an sauya tsarin masarautun jihar sau biyu, a 2019 da 2024. Saniya ɗaya tana iya kwana a dajin jiha, ta bi burtalin ƙaramar hukuma, ta sha ruwan tarayya kafin azahar, kuma babu inda waɗannan hukumomi ke haɗuwa da mai ita su yi magana.

A da akwai abubuwan da ke ɗaure mutane da juna. Hurumi, filin da gari ke warewa don kiwo da itace, kowa ya san ba ya mallakuwa ga mutum ɗaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin ƙasa da irin waɗannan wurare. Soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a farkon mulkinsa sauƙi ne ga talaka, babu mai neman a dawo da su, amma tare da jangali aka rasa wani zama na shekara-shekara inda arɗo da dagaci ke ƙirga shanu, a san wa ya sauka a ƙasar wa. Takin zamani ma ya raunana wata tsohuwar amana. A da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauke garkensa a gonarsa da rani don taki, har ya bi shi da dawa. Yanzu kara da harawa sun zama kuɗi, a kwashe a sayar, wani ma ya cinna wa saura wuta. Da zumuncin ya yi sanyi, abin da ake gamawa da "yi haƙuri" sai ya koma ofishin 'yan sanda, inda kowane ɓangare ke fitowa da aljihu a bushe da zuciya a cike.

To, irin zaman da ake kira gare shi yana aiki kuwa? Ruwan Tiga kansa ya ba da amsa. Bayan gina Tiga, da kuma Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin kogi. Wasu garuruwa ruwa ya mamaye gonakinsu, wasu kogin ya daina isa gare su. Masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun nuna a 1998 cewa ribar noman ranin sama ba ta kai abin da aka rasa a fadamun ƙasa na noma, kifi da itace ba. Kowace jiha na zargin ta sama da ita.

Abin da ya sassauta lamarin ya fara ne da lissafi na haɗin gwiwa. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya, ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya suka jagoranci ƙididdigar ruwan da ke akwai da wanda kowa ke ɗiba, aka yi ta zama da manoma, makiyaya, masunta da sarakuna. A 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu inda jihohi shida, Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauchi da Filato, suka amince da tsari guda na kula da kogin, suka kafa asusun haɗin gwiwa. Ƙauyuka kuma suka fito aikin gayya suna yanke kacalla, suna buɗe hanyoyin ruwa. Ba a gama da matsalar ba, kacalla na nan har gobe, aiwatar da abin da aka sa wa hannu kuma ya yi ta tafiyar hawainiya. Duk da haka an ga abu ɗaya ƙarara: mutanen da suka shekara da shekaru suna musu a kan wa ya sha ruwan wa sun iya daidaitawa da suka yarda da lissafi ɗaya. Abin da jihohi shida suka iya bai kamata ya gagari ƙananan hukumomi huɗu masu cin kasuwanni ɗaya ba.

Misali na biyu yana ƙasar Maraɗi, wadda ta ɗanɗani ɗacin rashin irin wannan tsari. A watan Oktoban 1991, a Toda, rikicin gona da kiwo ya ci mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. A 1993 Nijar ta fitar da dokar karkara wadda a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda mai gari da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa ke zama tare. Su ke shata burtali, su rubuta shaidar gona, kuma rigimar gona ba ta zuwa gaban alƙali sai an fara gwada sulhu wajen sarki an rubuta sakamakon. Abin da Kano ta fi buƙatar ara shi ne ranar sakin gonaki. Kowace kaka hukuma na tuntuɓar ɓangarorin ta tsayar da ranar da manomi zai gama kwashe amfaninsa, daga ita dabbobi su shiga. Wanda ya shigo da garke kafin ranar ya san laifinsa, wanda ya bar damminsa a gona bayanta shi ma ya san nasa. Wasu kwamitocin suna ne kawai, amma inda suke aiki sun rage wurin gardama.

A nan Maraɗin ne kuma aka ga itatuwa sun dawo. Tun daga 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su rage rassa su bar masu ƙarfi. Dabarar mai sauƙi ce. Abin da ya tsayar da ita shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, kwamitocin ƙauye kuma suka kafa doka a kan sara, suka sa masu sintiri, suka ci tarar wanda ya karya. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka farfaɗo a kudancin Nijar, ƙasar da ruwan samanta bai kama ƙafar na Doguwa ba. Ma'aikatan gandun daji kaɗan ba za su iya tsare Falgore ba sai mutanen Yaryasa, Falgore da Burji sun zama idonsu, kuma ba za su zama ba sai an ba su rabo sananne: izinin ɗibar busasshen itace, kafa amya, tsintar kaɗanya da ɗorawa, da yankin da za a yanki ciyawa.

Zauren da yankin ke buƙata ba ya neman ofis ko mota. Zama ne sau biyu a shekara a gaban kowane dagaci, ɗaya a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, ɗaya a farkon Oktoba kafin girbi. Sai kuma babban zama ɗaya na hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin huɗu, tare da wakilin hukumar madatsa da na gandun daji, don abin da ya fi ƙarfin gari ɗaya. Masu zama su ne waɗanda hannunsu ke taɓa abin: sarkin noma da masu lambun bakin dam, arɗo, sarkin ruwa da masunta, mafarauta, masu gawayi, da masu haƙar ma'adinai. Baƙin makiyaya masu wucewa ba za a same su a zaman ba, amma kowannensu na da arɗon da yake sauka wajensa da waya a aljihu, ta nan ƙa'ida za ta riske shi tun bai iso ba.

Mata aka fi mantawa, alhali sun san dajin ciki da waje. Mai daddawa ta san ɗorawar da aka sare bana. Mai man kaɗe ta san nisan da aka ƙara mata kafin ta cika kwando. Mai tallan nono ta san ranar da aka daina yi mata maraba a wani gari, kuma sau da yawa daga nan ake gane rigima na tafe. Inda al'ada ba ta bari su zauna cikin maza, a yi musu nasu zaman, wakiliyarsu ta kawo abin da suka tsayar, a rubuta shi daidai da na kowa.

Kada kuma a yanke magana da ɗaga hannu. A kowane gari manoma sun fi yawa, ƙuri'a kullum makiyayi da masunci za ta kayar, wanda aka kayar kuwa ba ya tsare dokar da aka ɗora masa. Hanyar ita ce a yi ta juya magana har a raba abin da mutum ke faɗa da abin da yake buƙata. Mai lambu a bakin Tiga zai ce shanu ba za su bi ta nan ba. Abin da yake tsoro shi ne albasarsa da bututun injinsa. Makiyayi zai ce hanyar kakanninsa ce. Abin da yake nema shi ne garkensa ya sha ruwa ya koma. Da an kai nan magana ta zama ta awo: mashaya nawa, faɗin taku nawa, wa zai yi shinge, da wane lokaci za a sauko. Ana iya dasa bini-da-zugu a gefen hanyar, tunda dabba ba ta cin sa, ya zama iyaka mai tsiro da kanta. Haka tsakanin masunta, maganar raga mai ƙaramin ido da ke kwashe 'ya'yan kifi da watannin da kifi ke ƙwai, sarkin ruwa da mutanensa sun fi kowane ma'aikaci sani. A Riruwai kuwa dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya fara haƙa, kuma garin da ya saba zama tare ya fi iya fito da buƙatunsa da murya ɗaya.

Abin da aka tsayar a rubuta shi da boko da ajami, a karanta a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, a ajiye kwafi wajen alƙali da baturen 'yan sanda. A sa farashin ɓarna tun kafin ta faru, ta rana daban, ta dare daban, da tarar wanda ya noma burtali ko ya cinna wa daji wuta, domin doka ta hau kowa. Hukunci ya fara da gargaɗi, ya riƙa hawa a hankali, yadda mai kuskuren farko ba zai zama abokin gaba ba.

Akwai masu tsoron cewa masu ƙarfi za su mamaye zauren, kuma tsoronsu na da tushe. A wurare da yawa a Arewa mai kuɗi ne daga birni, da takarda a hannu, ya cinye filin kiwo, kuma wani ne ya sa masa hannu. Manyan garkuna ma da dama na attajirai ne, yaron da ke bin su ɗan haya ne. Shi ya sa karantawa a bainar jama'a ke da muhimmanci, domin abin da gari duka ya ji da kunnensa yana da wuyar sayarwa a ɓoye. A kuma sa ƙa'ida cewa ba a ba kowa fili a hurumi ko gefen daji sai maganar ta zo gaban zaure.

Wasu kuma za su ce matsalar Falgore ta bindiga ce. Ɓarawon shanu da mai garkuwa da mutane ba su da gurbi a wannan zama, aikin jami'an tsaro ne. Amma Zamfara ta isa ishara. Filayen kiwo da aka rarraba, ɓarnar da ba a yi adalci a kanta ba, da 'yan sa-kai masu ɗaukar doka a hannu, su suka tsaga bangon da ƙadangare ya shiga. Makiyayin da ke da wurin kai kuka, wanda aka san sunansa da rugarsa, shi ne farkon mai kawo labarin baƙuwar fuska a daji, domin shanunsa ake fara korawa.

Kano ba daga tushe za ta fara ba. An yi Zauren Sulhu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, mutane sun san sunan da ma'anarsa. Jigawa da ke maƙwabtaka ta kafa hukuma ta musamman ta manoma da makiyaya. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, a kan kula da magudanan ruwa tare da al'umma aka gina shi, kuma da wuya a sami inda ya fi dacewa da shi kamar tsakanin Riruwai da Tiga. Yankin na da 'yan majalisar wakilai biyu, na Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa. Ko siyasa ta raba su, kogi ɗaya ya haɗa mazaɓunsu, kuma kiran babban zaman farko bai fi ƙarfinsu da shugabannin ƙananan hukumomi ba.

Amma ba sai an jira su ba. Dagacin da ke tashin mutum uku a watan Nuwamba su je ganin ɓarna yana da ikon tashin mutanen nan uku a watan Afrilu, da igiya da turaku, mai gonar dama da na hagu da arɗo na biye da su, su auna burtalin daga bakin gari har mashaya. A lokacin ƙasa a bushe take, babu shukar da za a tattake, tsofaffin da suka san inda tsamiyar iyaka take kuma suna nan da ransu. Idan Ƙofa ta yi haka kafin damina mai zuwa, ta kuma tsayar da ranar sakin gonaki tun dawa ba ta nuna ba, garuruwan da ke kan burtali ɗaya da ita za su aiko a gwada musu yadda aka auna.